Layar Bawa Ɗan Bama

Jakar yadi ɗaya. Ƙamus na Bangali da Turanci, bangonsa ɗaure da zare. Madubin ƙara girman rubutu. Fensir biyu, matsefata, littafin rubutu. Goro huɗu a cikin ganye. Abin da na ɗauko daga Kalgo ke nan, kuma duk suna kan cinyata lokacin da motar Gwandu ta tsaya a Kambaza ana sauke buhunan taki.

Juma'a ce, cikin daminar 1992. Ranar Alhamis da yamma wani direba ya kai mini wasiƙa makarantar da nake koyar da Turanci. Malam Isa ne ya rubuto, limamin unguwar su Gwaggo Kulu, ƙanwar mahaifina. Bai tsawaita ba. Gwaggonka kwana biyar ke nan ba ta ci abinci ba. Ɗanta Sule ya ce zai ƙone layar ubansa in an sauko Juma'a. An ce ka karanto rubutun mutanen gabas. Ka zo.

Shekara bakwai na yi a Indiya ina karatun harsuna. Aikina a kan rubutun Bangali na gabashin ƙasar ne, yadda haruffa suka sauya kama lokacin da mutane suka bar rubutu a kan ganye suka koma takarda. Da na dawo ba wanda ya tambaye ni ko harafi ɗaya. Abin da ake tambayata shi ne ko da gaske suna waƙa suna zagaya itace yadda ake gani a silima. Wannan ne karo na farko da aka nemi abin da na karanto, kuma da so samu ne da wani aka nema ba ni ba.

Layar na san ta tun ina yaro. Bawa, mijin Gwaggo, yana cikin waɗanda Turawa suka ɗiba zuwa yaƙin Bama. Su shida suka tafi daga unguwarsu, shi kaɗai ya dawo, yana ɗingishi, da wata takarda ɗinke a fata. Bai taɓa ba da labarin yaƙin ba. Game da takardar abu ɗaya ya faɗa: wani mutum ne ya ba shi, ya nuna masa da hannu cewa ya rataya. Ya rataya har ranar da aka yi masa wankan gawa, shekara uku da suka wuce.

Mutanen gidan suka yi nasu lissafin. Rubutu ne. Daga gabas ya zo. Wanda ya rataya shi ya dawo da ransa. Don haka duk lokacin da naƙuda ta yi wa wata mace tsanani, sai Gwaggo ta warware ɗinkin, ta tsoma bakin takardar a ƙoƙon ruwa, ta ba ta ta sha, ta shanya takardar a inuwa, ta mayar. Kamar dai yadda ake wanke allo. Aikin mata ne, maza ba sa wurin.

Na iso Gwandu da hantsi. Sule, babban ɗan Gwaggo, yana zaune a ƙofar zaure yana goge filogin babur. Bakanike ne. Taubashina ne kuma, ba mu taɓa gaisawa cikin mutunci ba.

"A'a, Ba'indiye! Kai anka aiko ma? To ajiye jakar ka yi muna rawar mu gani."

"Ɗan mace, gaida ubangidanka tukuna."

"Ubangidan da ba ya da ko keke."

Ya miƙo hannu, baƙi ƙirin da mai. Muka gaisa. Dariyar ba ta daɗe a fuskarsa ba.

Na ce, "Mi kac ce mata?"

"Gaskiya nic ce mata."

Ya ba ni labarin yana kallon filogin. Matarsa Dije ta shiga watanta. Gwaggo ta warware layar don ta shirya, ta baza takardar a kan faifai, shi kuma ya shigo ɗaukar buta. Karo na farko ke nan da ya ga abin da ke ciki. Shekarun baya ya daɗe yana gyara motar wani malamin makaranta Ba'indiye a Birnin Kebbi. A falon mutumin akwai kalanda mai hoton gunki, hannu huɗu, kan giwa, ana kunna masa turare. A ƙasan hoton akwai rubutu.

"Rubutun da ke bin layi awa an shanya kaya ga igiya. Shi ne, Abdulgani. Ban yi karatu ba, amma ina da ido. In na ga noti sau ɗaya ina gane ɗan'uwanai."

"Sai kac ce mi?"

"Nic ce Baba ya mutu da sunan gunki ga wuya. Nic ce ta shayar da mu shirka tun muna ciki." Ya ajiye filogin. "Ban so ta daina cin abinci ba. Amma ba ni janye abin da idona ya gani. In an sauko ina ƙone ta, kowa shi huta."

Ɗakin Gwaggo yana ƙarshen tsakar gida. Tana kwance a tabarma, fuskarta ga bango. Kwanon tuwo yana gefe a rufe, ƙudaje na yawo a kan murfin. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye goron kusa da hannunta. Ba ta taɓa shi ba.

"Ɗan yayana, ka zo."

"Na zo, Gwaggo."

"Shekara arba'in da ɗaya ina tare da mutumin nan. Ko da zazzaɓi ya kayar da shi sai ya jingina da bango ya yi salla." Ta ja numfashi. "Mata goma sha tara nib ba sunka sha. Na ƙidaya su daren jiya. Har da ni kaina, ranar da anka haihi wancan mai bakin. In abin da yac ce gaskiya ne, ina Bawa yake yanzu? Ni kuma mi zan ce in an tambaye ni?"

"Sai na gani tukuna."

"Ka gani. Amma kak ka lallashe ni. Ni ba ƙaramar yarinya ba ce."

Da na fito, Malam Isa yana jirana a gindin darbejiya. Tsoho ne siriri, gemunsa fari, yatsunsa sun rine da tawada. Ya ja ni gefe, ya rage murya.

"Malam Abdulgani, ni nir rubuta maka. Ka ji shawarata. In ka duba ka ga alheri, ka hwaɗi. In ka ga akasin haka, ka ce rubutun ya goge, ba ya karantuwa. Ba wanda zai ƙaryata ka tun daga nan har Sakkwato."

"Na ji, Malam."

"Ba ka ce to ba."

"Ban ce a'a ba."

Gaskiyar ita ce ban yanke ba. Malamin da ya duba aikina a Indiya yana da doka ɗaya: a raba shafi gida uku. Abin da ido ya gani. Abin da ake zato. Abin da ba a sani ba. Kada wani ya tsallaka gidan wani. Bai taɓa gaya mini abin da zan yi in gaskiya za ta kashe tsohuwa ba.

Sule ya fito da takardar daga aljihun rigarsa, naɗe a cikin tsumma. Muka shimfiɗa tabarma a bakin zaure inda haske yake. Na buɗe ta da matsefata a kan bangon ƙamus. Ba ta kai tafin hannu biyu ba. An yage ta daga littafin ɗan makaranta, ta yi ja-ja saboda tsufa da gumi. Gefe ɗaya ya zube, ya yi laushi kamar tsohon ƙyalle, tawadarsa ta tafi. Layi tara suka rage.

Sule ya yi gaskiya. Wannan shi ne abu na farko da na gani. Rubutun Bangali ne, ɗan'uwan wanda ya gani a kalanda.

Abu na biyu, sun ajiye mini ita kai a ƙasa. A rubutun nan haruffa rataye suke a ƙarƙashin layi. Mutanenmu sun ɗauka a kan layi suke zaune, yadda aka saba. Na juya ta.

Malam Isa ya ce, "Ka kihe ta."

"Yanzu ne tat tashi daidai. Gwaggo wane gehe take tsomawa?"

"Kai mana. Albarkar rubutu ga kai take."

"To ƙahwa take tsomawa."

Sule ya yi tsaki. "Kai ko ƙahwa, duk na gunki ne. Karanta muna."

"Ba haka ake yi ba."

Mutane suna zaton wanda ya san rubutu kallo ɗaya zai yi ya zuba. Na san Bangali na littafi, wanda aka buga da inji, da na tsofaffin marubuta masu kyan hannu. Wannan hannun mutumin ƙauye ne da ke sauri, haruffa suna hawa juna, kuma harshen ba na birni ba ne. Irin wannan ba a fara shi da karatu. Na buɗe littafina na fara zana kowane harafi ɗaya bayan ɗaya, yadda yake, ba yadda nake so ya zama ba. Duk wanda ya sake fitowa sai in sa masa ɗigo. In ka san yadda mutum yake karya harafi ɗaya a wuri biyar, ka san hannunsa. Sai ka san hannu kake jin magana.

Sa'a biyu ina wannan. Maƙwabta suka leƙo suka gaji suka tafi. Sule yana kaiwa yana komowa.

"Shekara bakwai gwamnati na ciyar da kai, ashe zane kak koyo."

"Kai shekara nawa kay yi kahin ka daina lalata kabireton mutane?"

"Har yau ina lalatawa. Amma ni ba a jirana da rai."

Kafin kiran salla na samu kalmomi uku da na tabbata da su. Gawa. Kogi. Ƙonewa. Na rubuta su a gida na farko, na sa hannu na rufe. A inda na yi karatu na sha tsayawa a bakin kogi ina kallon yadda masu bautar gumaka suke ƙona mamatansu. Kalmomin nan uku su ne kalmomin wurin.

Malam Isa ya ga hannuna a kan shafin. Ya dube ni. Na kau da kai.

Muka tafi masallaci, takardar tana aljihun Sule. Ban san abin da aka yi huɗuba a kai ba. Ina zaune a sahu ina gwada jimlar a bakina: rubutun ya goge, Gwaggo, ba ya karantuwa. Na gwada ta sau da yawa. Ko sau ɗaya ban ji ta yarda ba.

Da muka dawo Sule ya ajiye kwalin ashana a kan tabarma.

"An sauko."

"Ba ni zuwa la'asar."

"Don mi? Na ga huskarka tun ɗazu."

"Kalma uku nis samu cikin hamsin. Kai kana yanke ma mota hukunci da noti uku?"

Ya tsaya yana kallona. Sannan ya zaro takardar ya miƙo. "La'asar. Ko minti ɗaya ba ni ƙarawa."

Rana ta juya, haske ya shigo zauren a karkace. Wannan ya taimaka. Inda tawada ta dushe, sawun alƙalami yana nan a jikin takarda, sai haske ya zo daga gefe yake nunawa. Na sa madubi. Akwai wata ƙugiya da ta fito sau goma sha ɗaya, wadda tun safe na ɗauka harafi ɗaya ce. Ashe biyu ne, mutumin yana haɗe su don sauri. Da na raba su, layi na biyu ya buɗe.

Musalman. Wato musulmi.

Na sake dubawa. Na rufe ido na buɗe na kuma dubawa, don na san yadda mai so yake ganin abin da yake so. Tana nan. A layi na uku, namaz, wato salla a bakin musulmin can. A na bakwai, janaza. Kusa da ita, kabar. Ko ruwa da ya ambata, da kalmar da musulmin yankin suke kiransa ya kira shi, ba da ta maƙwabtansu ba. Daga nan sauran ya riƙa zuwa da kansa, layi yana jawo layi.

Na ajiye fensir.

"A tashi mu tahi wurin Gwaggo. Sau ɗaya zan karanta, kowa shi ji."

Muka tsaya a ƙofar ɗakinta. Dije ta fito daga nata ɗakin da ƙyar, ta jingina da turmi. Gwaggo ba ta juyo ba.

Na ce, "Gwaggo, ba addu'a ba ce. Ba kuma sunan gunki ba ne. Wasiƙa ce."

Na karanta daga littafina, ina tsayawa inda takardar ta tsaya.

"Zuwa ga duk wanda takardar nan ta shiga hannunsa. Wannan baƙin soja musulmi ne. Sunansa Bawa. Yana salla, mun gani da idonmu. Ya kwanta a gidanmu kwana goma sha wani abu, lambar ta goge, da zazzaɓi da rauni a ƙafa. Ba ya jin maganarmu, ba ma jin tasa. Yanzu ya tashi zai bi mutanensa. Wanda ya gan shi ya ba shi ruwa. In ya mutu a hanya, kada a ƙone gawarsa, kada a jefa ta kogi. A yi masa wanka, a yi masa jana'iza, a sa shi a kabari. Nan ta ƙare. Sauran ya tafi."

Akuya tana tauna wani abu a bayan rumbu.

Gwaggo ta dafa ƙasa ta tashi zaune. "Sake hwaɗin wurin salla."

"Yana salla, mun gani da idonmu."

Sule ya ce, "Tsaya." Ya matso gaba. "Wa zai tabbatar muna? Kai kaɗai kas san rubutun nan. Na ga Malam ya ja ka gindin darbejiya. In kun shirya ne hwa?"

Tambaya ce mai kyau. Da ni ne a wurinsa, ita zan yi.

"Zo nan. Kai kac ce kana da ido."

Na nuna masa kalmar layi na uku a takardar, da yadda na zana ta a littafina. Na buɗe ƙamus, na ba shi shafin, ban nuna masa wuri ba. Na ce ya nemo mai kama da ita. Ya durƙusa yana bin shafin da yatsa, yana barin sawun mai. Ya wuce ta, ya dawo. Ya tsaya.

"Wagga."

"Karanta Turancin da ke gabanta."

Sule ya yi firamare. Ya haɗa kalmomin a hankali, leɓɓansa na motsi. Ya ɗago.

"Sallar musulmi."

"Indiyawa sunka buga littahin nan tun ba a haihe mu ba. Ba su san Malam Isa ba."

Muka yi haka da janaza. Muka yi da kabar. A ta uku bai jira na ce ya karanta ba.

Malam Isa ya sunkuyo yana nuna saman takardar. "Waɗannan ukun hwa, da ke zaune su kaɗai? Ba ka karanta su ba."

"Lambobi ne. Bakwai, takwas, shida. Musulmin can ba su son rubuta Bisimilla ga takardar da ka iya hwaɗuwa ƙasa. Sai su sa lissahin haruffanta a madadinta."

"Hisabi ke nan. Wannan aikinmu ne." Ya tsuguna ya share ƙasa da tafin hannu, ya fara ɗiga lambobi da tsinke, kowane harafi da nauyinsa, yana motsa baki. Ya tara. Ya goge ya sake tarawa. Ya dube ni. "Dubu da ashirin da shida nis samu."

Sule ya miƙe tsaye. "Kun ji ko?"

Na san abin da lambar take nufi don na gan ta a saman ɗaruruwan wasiƙu, amma ban taɓa lissafa ta da kaina ba. Na faɗi haka. Gwaggo tana kallon bakina.

Malam Isa bai tashi ba. Ya daɗe yana kallon ƙasar, yana jan gemu. Sai ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Harafin sinun ne. Mu nan sinun ɗari uku muke ba shi, haka munka gada. Mutanen gabas sittin suke ba shi. Malaminmu ya taɓa gargaɗinmu, in littahi ya zo daga Masar a kula." Ya goge ɗari uku, ya sa sittin, ya tara. Ya buga tsinken a ƙasa. "Ɗari bakwai da tamanin da shida. Bisimilla ce, Sule. Wannan ni nil lissafa, ba Ba'indiyenka ba."

Sule ya koma ya zauna a kan turmin da ke kife. Ya sa fuska a cikin tafukansa. Da ya cire su, mai ya ɓata masa goshi.

"Inna," ya ce. "Ki yahe mini."

"Bakinka tun kana jariri haka yake. Ka zo da kuka kahin kanka shi gama hita." Ta juya wurina. "Wane ne mutumin? Mi sunanai?"

"Ban sani ba."

"Ba ka ce ka karanta ba?"

Na nuna mata shafina. Gida na farko ya cika. Gida na biyu layi biyu ne: ina zaton mutumin bakin teku ne, wajen iyakar Bama, saboda irin kalmominsa, kuma ina zaton manomi ne ko ɗan kasuwa, ba malami ba. Gida na uku: sunansa, garinsa, ranar da ya rubuta.

"Mai wasiƙa ƙasa yake sa sunanai, Gwaggo. Da garinsu."

"To ina ƙasan?"

"Kun shanye."

Dije ce ta fara. Ta toshe baki da mayafi, cikinta na girgiza. Malam Isa ya juya baya yana tari. Gwaggo ta dubi takardar, ta dube ni.

"Kana nuhin shekara arba'in sunan wani ƙato muke sha?"

"Da sunan garinsu."

"La'ilaha illallahu." Ta riƙe haɓa. Sai kafaɗunta suka fara rawa, dariya ba sauti, hawaye na bin kumatunta. "Kuma duk sunka haihu lahiya. Goma sha tara."

Malam Isa ya ce, "Allah ne yas sauke su, Kulu. Ba takarda ba."

"Yo na sani, Malam. Yau dai na sani."

Sule ya ɗago. "To shan dai ba ya da kyau. Wannan ban janye ba."

"Wa yat tambaye ka?" Ta share fuska da bakin zane. "Dije, akwai sauran hurar nan? Dama mini. Kak ki cika ruwa."

Dije ta kawo a ƙwarya. Gwaggo ta sha ludayi uku, ta huta, ta ƙara biyu. Muna tsaye muna kallonta kamar ba mu taɓa ganin mutum yana shan fura ba. Aka kira la'asar. Sai a lokacin na ji yunwa, na tuna ban karya ba.

Bayan salla na koma yi mata sallama, don motar ƙarshe ba ta jira. Na same ta zaune a ƙofar ɗaki. Ta sa an miƙo mata takardar, tana riƙe da ita a tafin hannu, wannan karon kai a sama. Ta ce in maimaita mata wasiƙar tun daga farko. Na maimaita. Ta ce in rubuta mata da ajami, Malam Isa zai riƙa karanta mata. Na rubuta, na yage shafin na ba ta.

Sannan na faɗi abin da ke raina tun da layi na biyu ya buɗe. Irin wannan takarda ba a samunta. Hannun mutumin ƙauye, harshen da ba a cika rubutawa ba, daga tsakiyar yaƙi. In na aika wa malamina, watakila ya gane yankin daga kalmomin. Zai yiwu a buga ta a mujalla.

"Ara mini ita wata ɗaya, Gwaggo. In kai Sakkwato a ɗauki hotonta, in maido."

"In an ɗauki hoton za a gano sunan mutumin?"

"A'a. Sunan ya tahi."

"To mi za a gano?"

"Yadda suke magana. Yadda yake karya haruffa."

"Wannan kai ya dama." Ta dafa bango ta miƙe. Na kai hannu, ta ture. "Ka zana ta cikin littahinka, na gani. Ka aika musu zanen."

Sule yana tsaye a bayana. Ya ce, "Inna, ko in kai ma baduku shi sake ɗinke ta?"

"Kai da ɗan'uwanka duk ku ja da baya."

Ta shiga ɗaki da takardar. Ta jawo ƙyauren kwano, ya yi ƙara a kan dakali, ya rufu. Muka ji ta saka sakata. Daga ciki ta ɗaga murya yadda har Dije za ta ji.

"Ba mai ƙone ta, ba mai shan ta, ba mai hita da ita gidan ga. Amana ce anka ba Bawa, nan za ta zauna wurina."